Labulen Shagon Masaji

Wata biyu ke nan rabon Tomeji Anazawa da jin ɗanɗanon komai a bakinsa, kuma duk garin ba wanda ya sani sai matarsa Kinue. Mura ce ta kama shi a ƙarshen sanyi, irin murar da ko yaro ba ta kwantarwa. Ta yi kwana biyar ta tafi, ta tafi masa da harshe. Likita ya ce wataƙila ya dawo, wataƙila kuma shi ke nan, ya rubuta masa ƙwayoyi. Tomeji ya shanye su tas, su ma bai ji ɗacinsu ba.

Da wani ne abin ya samu, sai a ba shi haƙuri a wuce. Amma Tomeji ne fa. Shekara talatin da huɗu ya yi yana raba wasiƙu a kan keke a wannan ɗan gari na cikin duwatsun arewacin Japan, inda tun bakwai na safe mutane ke layi su karya kumallo da ramen, taliyar da ake zubawa cikin romo, kuma babu shagon da bai san kujerarsa ba. Bai taɓa rubuta ra'ayinsa a jarida ba, da baki ma ba ya faɗa. Kwanonsa ake dubawa. In ya gama da taliyar ya ɗaga kwanon da hannu biyu ya shanye romon har ƙasa, ranar mai shago har da waƙa yake wanke-wanke. In kuwa ya bar saura, ya yi godiya ya fita, to kafin rana ta take labarin ya kai shagon aski. Shi ya sa tun da abin ya faru ya daina fita da safe, ya ce wa mutane gwiwa ce ke damunsa.

Ana haka wata Talata sai ga Chizuru, 'yar ƙanensa marigayi Masaji. Ita ke riƙe da shagon ubanta tun da ya rasu bara. Ta zauna a bakin tabarma ba ta ko cire rigar aiki ba, ta ƙi taɓa shayin da Kinue ta zuba mata.

"Baffa, mutane suna ta raguwa," in ji ta. "Waɗanda suka shekara ashirin suna zama a gaban Baba, yanzu ina kallonsu ta taga suna wucewa. Wasu su shige shagon Karahashi, wasu na Uwargida Nihei. In muka haɗa ido su rusuna min, su ƙara sauri."

"Haka kasuwa take, 'yata."

"Ba kasuwa na zo tambaya ba. Ka je ka ci na Karahashi, ka ci na Nihei, ranar Juma'a ka zo ka ci nawa. Ka faɗa min tsakani da gaskiya ko har yanzu romon Baba ne. Kai kaɗai ka rage da ya san shi tun ranar da aka fara ɗora tukunyar. In ba shi ba ne, zan sauke labulen. Ba zan ci gaba da rataya sunansa a kan abin da ba nasa ba."

Labulen da take nufi shi ne ɗan gajeren shuɗin ƙyallen da ake ratayawa a ƙofar shago da safe, mai ɗauke da sunan gidan. Na Masaji, Tomeji ne da kansa ya hau tsani ya rataya shi ranar buɗe shagon, yana zagin ƙanen nasa don ya ƙi riƙe tsanin da kyau.

A nan ya kamata ya buɗe baki ya faɗi gaskiya. Kinue ma ta tsaya da buta a hannu tana jiransa. Amma ya dubi fuskar yarinyar, ya ga yadda ta ɗora duk nauyinta a kansa, sai kunya ta hana shi.

"Sai Juma'ar," ya ce.

Tana fita Kinue ta dangwarar da butar. "To, sannu gwanin harshe. Da wane bakin za ka ɗanɗana?"

"Da naki."

"Nawa? Ni da ramen bai dame ni ba?"

"Ai kina da harshe, ko shi ma ya tafi? Ki zauna kusa da ni. In ya yi daɗi ki taɓa kunnenki. In bai yi ba ki gyara gilashinki. Sauran ki bar min."

"Tsofai-tsofai da mu, mu koma wasan yara."

Duk da haka ta bi shi.

Ranar Laraba suka tarar da layi a ƙofar Karahashi, mutum goma sha ɗaya, yawancinsu ma'aikatan kamfanin katako da wasu baƙi daga Tokyo masu ɗaukar hoton komai. Minti arba'in suna tsaye. Abin da Tomeji ya manta, shi da ya fi kowa sani, shi ne a shagon Karahashi ba a zaɓar wuri. Kujerar da aka tashi a kai, na gaba a layi ya hau. Sai aka tura Kinue can ƙarshen kanta jikin bango, shi kuma aka dasa shi daidai gaban tukunya, da wani ƙaton direban babbar mota a tsakaninsu wanda ya tare duniya.

"Dattijo! Ashe kana raye!" Karahashi ya yi kururuwa cikin tururi. "Na ce ko gwiwar ce ta kai ka lahira. Yau za ka ga abu. Na sake busasshen kifin da nake sawa."

Ya ajiye masa kwanon. Romo baƙi-baƙi, mai yana ƙyalli a sama, yankan nama uku, albasa mai lawashi. Tomeji ya ɗebo da cokali ya kai baki. Ruwan zafi. Ya sake ɗebowa ya juya shi a kan harshe, ya rufe ido yadda ya saba, ruwan zafi dai. Taliyar kam haƙoransa sun gaya masa ta yi daidai, da ɗan taurinta a tsakiya, kuma ya ji santsin mai a leɓensa. Bayan wannan ba komai. Ya leƙa ta gaban direban, ya leƙa ta bayansa, bai ga ko gefen kunnen Kinue ba. Direban ya juyo ya ce, "Baba, barkono kake nema?"

Ga shi a nan ba a zama a yi ta nazari. Mutane na tsaye a waje cikin sanyi, taliya tana kumbura a kwano, Karahashi kuma yana yanka nama da hannu, idonsa na kan kwanon. In ya shanye alhali sabon kifin ya ɓata romon, an gane shi. In ya bari alhali ya yi daɗi, ya zalunci mutum. Sai ya zaɓi abin da ya ɗauka tsaka-tsaki ne: ya sha, ya sha, ya bar kamar kaurin yatsa biyu a ƙasa.

Karahashi ya ɗauki kwanon ya kalli cikinsa ya daɗe. "Na gode da zuwa," ya ce, a muryar da ake yi wa baƙo.

A waje Kinue tana jiransa tana goge baki. "Na taɓa kunne har ya yi ja, ba ka gani ba?"

"Ta ina zan gani? Ta cikin wancan direban mai kamar dutse? To ya yi daɗin ke nan?"

"Oho. Ni kunnen ne ke min ƙaiƙayi da farko. Daga baya na ce bari in ci gaba, tunda mutumin ya yi ƙoƙari."

Tomeji ya yi gaba ya nufi gida. Haushi ya cika shi, na Kinue, na direban, na murar, har da na Masaji da ya mutu ya bar mutane da aiki.

Ranar Alhamis suka yi sammako, suka riga kowa zuwa wurin Uwargida Nihei, suka samu kujeru biyu a jere. Tsohuwa ce 'yar firit mai shekara saba'in da wani abu, ba ta yawan magana, ba ta kunna rediyo. A shagonta ba ka jin komai sai zuƙar taliya. Wannan shirun ne ya kashe su, don Kinue ta watsar da maganar kunne da gilashi, ta sha cokali biyu ta karkato ta ce masa, a abin da ita take ganin raɗa ce, "Gishiri ya yi yawa."

Tomeji ya ji sanyi a ransa, yau dai ya samu abin kamawa. Ya cinye taliyar, ya bar romon rabi cif, ya jera tsinkayen cin abincin a kan kwano.

Uwargida Nihei ta zo ta tsaya a gabansa, tana goge hannu da tawul.

"Gishiri ya yi yawa," ta maimaita. "Malam Anazawa, bara kai ka bar min rabin kwano, na bi ka har bakin ƙofa, ka ce in rage gishiri. Na rage. Na sake ragewa da kaka. Jiya wani ya ce min romona ya koma abincin asibiti. Yanzu kuma ka kawo matarka ta faɗa min a gaban mutane. To me kake so in zuba, ruwan famfo?"

Mutum huɗu da ke kanta suka sunkuyar da kai cikin kwanukansu. Tomeji ya miƙe ya rusuna, ya sake rusunawa, ya ajiye kuɗinsa a faranti ya fita da baya.

"Ke komai gishiri ya yi miki yawa!" ya fashe da faɗa tun kafin su kai kwana. "Shekara arba'in da ɗaya kina dafa min miya kamar ta mai jinya. Me ya kai ni tambayarki?"

"Ai ba ka tambaye ni ba, janyo ni ka yi. Kuma ka rage murya, ga matar mai sayar da awara can tana kallonmu." Ta gyara jakarta. "Maigida, kwana biyu ka ɓata da mutum biyu da ba su yi maka komai ba. Gobe kuma 'yar ƙanenka ce. Ka gaya mata kawai."

"In gaya mata me? In ce mata mutumin da take jira ba ya bambanta romo da ruwan wanka? Ta sauke labulen ke nan a take."

"To ka yi mata ƙarya ta ci gaba da dafa abin da ba wanda ke so?"

"Wa ya ce ba daɗi? Ke kin sani? Ni na sani?"

Da yamma ya zauna shi kaɗai a ɗakin girki ya gwada kansa, kamar yadda yake yi kullum a ɓoye. Ya lashi gishiri, ya lashi sukari, ya tauna busasshen barkono. Barkonon ya ƙona shi har hawaye, amma zafi ne kawai, ba ɗanɗano. Ya yi ƙoƙarin tuno romon Masaji, wanda ya sha ya fi sau dubu. Ya tuna kamanninsa, fari tas kamar ruwan rijiya har kana ganin zanen ƙasan kwano, don Masaji ba ya sa baƙin ruwan waken suya, gishiri zalla yake haɗawa da ƙasusuwan kaza da kifi. Ya tuna yadda tururin ke dushe masa gilashi. Ɗanɗanon ne ya ƙi zuwa, ko a tunani. Wannan ya fi komai ba shi tsoro. A nan ya yanke shawara: gobe zai shanye har ƙasa, ko mene ne a kwanon.

Ranar Juma'a Chizuru ta rataya labulen da bakwai daidai. Mutum biyu kawai Tomeji da Kinue suka tarar, wani tsohon malamin makaranta da wata ma'aikaciyar gidan waya, kuma da ganin Tomeji duka biyun suka rage saurin ci. Labarin Karahashi da Nihei ya riga ya zagaya.

Chizuru ba ta gaishe su da kyau ba ma. Ta jera kwanuka biyu, ta auna haɗin gishirin a ƙananan kofuna biyu na ƙarfe yadda ubanta ya koya mata, don shi ake fara juyewa a ƙasan kwano kafin a kwarara romo. Ruwan taliya ya tafaso ya yi ambaliya, ta juya da gudu ta rage wuta, ta dawo, ta zuba romo, ta yarfe taliya, ta jera nama da tsiron gora. Ta ajiye musu ta ja da baya ta jingina da firiji.

Tomeji ya yi komai yadda ya saba. Ya shaƙi tururin, ya kurɓi cokali ɗaya, ya rufe ido, ya gyaɗa kai a hankali. Ya zuƙi taliyar da ƙara. Da ya gama ya ɗaga kwanon da hannu biyu ya kafa kai, bai sauke ba sai da ya ga ƙasa. Ya ajiye shi ya yi ajiyar zuciya.

"Romon Masaji ne," ya ce da ƙarfi, don malamin makarantar ya ji. "Ko ƙwayar gishiri ɗaya ba ki kauce ba."

Fuskar Chizuru ta buɗe. Ta sa bayan hannu ta toshe baki, ta juya don kada a ga hawayenta, ta kai hannu za ta kwashe kayan da ke kan teburin aiki. Sai ta tsaya.

Kofi ɗaya babu komai a ciki. Ɗayan yana nan cike har baki, ba a taɓa shi ba.

Ta ɗauko shi ta juyo. Ta dubi kwanon Tomeji, ta dubi na Kinue. Ta zaro cokali mai tsabta, ta ɗebi romon da ya rage a kwanon Kinue ta kai baki. Da gishirinsa daidai. Ta ajiye cokalin.

"Baffa, naka ne ban sa wa ba."

Ma'aikaciyar gidan wayar ta ajiye kuɗinta ta sulale, malamin ya bi bayanta, ya ja ƙofar a hankali.

"Romo ba gishiri ko kare sai ya yi tunani kafin ya sha," in ji Chizuru. Muryarta ba ta tashi ba. "Ka shanye shi har ƙasa. Ka ce ko ƙwaya ban kauce ba."

"Chizuru..."

"Tausayina kake ji? Har na kai nan?"

"Ba tausayi ba ne," Kinue ta sa baki. "Faɗa mata, ko ni in faɗa."

Ya faɗa. Murar, likitan, wata biyun, gwiwar ƙarya, kunne da gilashi, duka. Yana magana yana kallon kanta, yana jin kansa kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Chizuru ta saurara har ƙarshe. "Ranar Talata da na zo, ka riga ka sani."

"Na sani."

"Kwana uku ban yi barcin kirki ba. Sau biyu ina zubar da tukunya ina sakewa, don kai."

"Ki yafe min. Amma ki saurare ni, 'yata, kada ki yanke hukunci yau. Mu kira Karahashi ya ɗanɗana, ya san aikinsa. Ko Nihei. Ko ki jira ni, likita ya ce wataƙila..."

"Karahashi zai gaya min ko ya yi daɗi. Ni ba wannan nake tambaya ba." Ta kwance ɗaurin kanta ta ninke. "Mutanen da suka san romon Baba sun riga sun ba ni amsa da ƙafafunsu, Baffa. Na ƙi yarda ne. Na ce sai na ji daga bakin mutum ɗaya da bai taɓa yi wa kwano ƙarya ba."

Ta zagayo ta fita waje. Ta tagar suka ga ta ɗaga sandar gorar da labulen ke rataye a kai, ta zare shi, ƙarfe takwas ma bai yi ba. Wani mai keke da ke wucewa ya rage gudu ya kalla. Ta shigo da shi a ninke a ƙirjinta, ta ajiye a kan kujerar da ubanta ke hutawa.

Tomeji ya so ya yi faɗa, ya buga kanta, ya ce shi ya rataya wannan labulen kuma bai ba da izinin sauke shi ba. Amma da wane bakin? Ya zauna kawai yana kallon ƙatuwar tukunyar da ke ta tafasa, cike da romon mutum sittin.

"Za ki zubar?" ya tambaya.

"In ta huce."

"To kafin nan ki haɗa min kwano ɗaya. Yadda ya kamata."

Ta dube shi kamar za ta ƙi. Sai ta ɗauki kofin da ya rage ta juye a sabon kwano, ta kwarara romo, ta dafa taliya. Ta ajiye a gabansa ta koma gefe.

Cikinsa a cike yake, amma ya ci. Ya ci a hankali, abin da bai taɓa yi ba a shagon ramen, yana riƙe kowace kurɓa a baki yana jira ko wani abu zai motsa, ko da kaɗan ne, ko da sau ɗaya. Kinue ta ɗora hannu a bayansa. Kwanon ƙarshe da aka zuba da sunan ƙanensa ke nan, ya faɗa bakin da duk garin shi kaɗai ne ba zai ji shi ba. Ya ɗaga ya shanye.

"Baffa," in ji Chizuru, a hankali. "Ko kaɗan?"

Ya ajiye kwanon.

"Da zafi," ya ce.